Bargon Faci na Yu Turipah

A duk unguwarmu ta bakin teku a Pekalongan, yayata Turipah ce kaɗai za ta kwashe mako uku tana rina yadi, ta tsoma ta shanya, ta tsoma ta shanya, har ya yi kyawun da mai wucewa zai tsaya ya taya, sannan ta ɗauko almakashi ta yi masa gunduwa-gunduwa. Idan ka tambaye ta dalili sai ta ce ai haɗa shi za ta yi. To da can a rabe yake? Shekara goma sha ɗaya ina yi mata wannan tambayar, ban taɓa samun amsar da ta wuce harara ba.

Ni ce ƙanwarta Kunaenah, Nah a bakinta, mai sayar da shinkafa da kwaɗon megono a bakin gada. Shekara shida ta ba ni, kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Yu nake ce mata tun ina ƙarama, kamar yadda kowa yake kiran yayarsa mace, har sunan ya bi ta. Yanzu limamin unguwa ma Yu Turipah yake cewa.

Tana da shekara tara aka kai ta marinar wani Alhaji a bayan kasuwa, kuma tun daga ranar ban sake ganin ainihin launin hannunta ba. Shuɗin baba ya shige ƙarƙashin farcenta ya yi zamansa. Ana gobe ɗaurin aurenta mahaifiyarmu ta wuni tana goge mata yatsu da lemon tsami, a banza. Haka ta je gidan miji da hannu shuɗi.

A marinar ta haɗu da mijin nata, Kang Rasmadi, mai bugun kaki. Kang muke ce wa yaya namiji. Bugu aikin maza ne. A tsaye kake tun safe, kaskon kaki yana tafasa a gefenka, ka tsoma hatimin tagulla, ka kaɗe, ka danna a kan farin yadi, ka ɗaga, ka sake dannawa daidai inda na farko ya ƙare, har yadin ya cika. Daga nan a miƙa wa su Yu su rina. Inda kaki ya hau rini ba ya kamawa, in an dafa yadin kakin ya narke sai ado ya fito. A mahaɗa ake gane mai bugu, inda bugu ya gamu da bugu: wani ya bar 'yar tazara, wani ya hau kan na baya. Na Kang Rasmadi kuwa, ko ka ari tabarau ka nema ba za ka ga inda ya ɗaga hannu ba.

Mutum ne da ba ya magana. In ya yi kalma goma a wuni to ranar an yi hira. Sauran maganar gidan duk Yu ce take yi, tata da tasa. Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka ɗauki 'yata Wasriah kamar tasu, shi yana saya mata alewa a ɓoye, ita tana yi mata faɗa a fili.

Da teku ya fara cika yana shigo mana unguwa, marinar Alhaji tana cikin na farko da suka tashi. Ya kwashe kayansa ya koma tudu, ya sallami Kang Rasmadi da hatimai goma sha biyu. Mu da ba mu da tudun zuwa muka yi ta cike ɗakuna da ƙasa. Gidan su Yu sau biyu aka ɗaga masa daɓe, yanzu in ba ka sunkuya ba sai ƙofar ta ba ka ƙulu a goshi. A bayan gidan suka kafa teburin bugu da randunan rini, shi yana bugawa, ita tana rinawa da baba da ɓawon itace. Na ce alhamdu lillahi, za su riƙa kai zannuwa kasuwa su ci abinci.

Ina! A nan ne haukan almakashin ya same ta. Da farko yadukan da ruwa ya ɓata take yanke masu kyau tana haɗawa, na ce wannan hankali ne. Da waɗancan suka ƙare sai ta faɗa wa lafiyayyu. Ta yanka, ta baje a ƙasa, ta wuni tana ɗauke wannan tana ajiye wancan, ta harhaɗa, ta shimfiɗa auduga a ƙasansa, ta sa wani yadin a baya, ta bi shi kaf da allura da hannu. Wata uku, wata huɗu, a kan abu ɗaya. Ga shi da kauri kamar katifa.

"Yu, bargo?" na ce mata. "A garin nan da mutum yake zufa yana cikin wanka? Wa zai rufa da shi?"

"Wa ya ce miki na rufa ne, sarkin sani? Na bango ne."

"Bangon ne yake jin sanyi?"

"Ke dai je ki ga shinkafarki kar ta kama."

Abin da ya fi ƙona min rai, sai ga mutane suna zuwa tun daga Jakarta da Yogyakarta, suna bugun goshi a ƙofa, suna tsayawa gaban bargon da hannu a haɓa. Akwai wani bargo da ta ce wai layinmu ne ranar da ruwa ya cinye shi. Ni na duba na duba, tsummoki shuɗɗa da masu ruwan ƙasa kawai na gani. Amma wata yarinya mai tabarau ta tsaya gabansa tana share hawaye. Wasu sukan saya, ban musa ba. Sai dai in mai sayen bai yi wa Yu ba, ko nawa zai bayar sai ta ce an riga an saya.

Haka muke har bara, mako guda bayan ƙaramar Salla, Kang Rasmadi ya faɗi a gindin teburinsa da hatimi a hannu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, 'yar maganar da yake yi ma ta ɗauke. Kwana tara ya yi a asibiti aka sallamo shi. Likitan ya ja mu gefe ya ce zuciyar ma ta gaji, mu kula da shi, mu yi ta addu'a. Duk wanda ya taɓa jinya ya san me wannan maganar take nufi.

To tun kakanninmu, in mutum ya kwanta ciwo ana lulluɓe shi da zanin tambal, mai adon faci-faci, wai a face masa abin da ya yage a jikinsa. Ni ban ce yana warkarwa ba, ban ce ba ya yi ba, haka muka taso muka gani. Kuma ba wani abin wahala ba ne, kowane tsohon gida da nasa a akwati. A ranar da muka dawo, maƙwabciyarsu Mak Daumi, dattijuwar da kowa yake kira Mak, wato mama, ta shigo da nata a ninke, yana ƙamshin ajiya. Yu ta karɓa, ta juya shi, ta mayar mata.

"Na gode, Mak. Amma wannan hoton faci ne aka buga a yadi ɗaya. Ni na gaske zan yi masa. Jikinsa ne ya yage, aikin hannunsa ne zai face shi. Ƙyalle ɗaya na wani ba zai shiga ba."

Na ce, "Yu, kin ji abin da likita ya ce? Wata nawa kike yi a kan bargo ɗaya? Rufa masa na Mak Daumi mana kafin naki ya samu."

"Mutumin da ya shekara arba'in yana bugu zan rufa wa bugun wani? Ke ko kunya ba ki ji?"

Shi ke nan, ta kafe. Kuma ba sababbin yadukan da ke bayan gida take so ba, a'a, sai ta tattaro aikinsa tun na ƙuruciya, wanda yake warwatse a jikin mutanen unguwa. Washegari ta fita da almakashi a jaka. Gida-gida ta bi, tana sa mata suna buɗe akwatuna. Ta yanki gefen zanin wannan, ta yanki bakin majanyin waccan, har da ƙyallen teburin shugaban unguwa. Mutane suna bayarwa, rabi don son Kang Rasmadi, rabi don tsoron bakinta. Liman Dasuki ma bai tsira ba, yana fitowa daga sallar azahar ta tare shi.

"Malam, wannan zanin da ke ƙugunka bugun maigidana ne. Tafin hannu ɗaya nake so."

Ya ce, "Subhanallahi, Yu, a jikina?"

"To je ka sauya, ina nan tsaye."

Kuma ya je ya sauya ɗin.

Wa kuke tsammani yake jinya duk wannan lokacin? Ni. Ni nake tashi daga bakin gada da hantsi in bar wa Wasriah tukunya, in zo in dama masa kunun shinkafa, in ba shi cokali-cokali, in juya shi, in goge masa baki. Matarsa tana bayan gida hannu dumu-dumu cikin randa, wai dole shuɗin da zai raba tsakanin ƙyallayen ya zama sabon rini. Ga damina ta sauka, yadi ya ƙi bushewa. Ta rina sau shida ta ce bai kai ba, ta sake. Ta harhaɗa layi uku, ta ja da baya ta duba, ta zauna ta farke su duka saboda wani ja ya zauna kusa da wani ja.

Ran nan na kasa haƙuri. Na ce, "Wallahi Yu, ke ba ki da tausayi. Mutum yana kwance yana bin ƙofa da ido, ke kina nan kina faɗa da tsumma. Shiga ki zauna kusa da shi ko na minti goma ne!"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "In na zauna ina kallonsa, me zan yi masa? Kuka? Wannan na iya, Nah. Shi kaɗai na iya."

Na koma na wanke kwanon kunu ina ƙunƙuni. Daga ranar dai ta dawo da ɗinkin gefen gadonsa, tana yi tana ba shi labarin kowane ƙyalle, na wa ne, da irin rowar da mai shi ya so ya yi.

A mako na huɗu ta juyo kaina.

Ina da zani guda. Mahaifiyarmu ce ta sa aka yi min shi na aurena, ruwan ƙasa da shuɗi, da adon 'yan tsuntsaye cikin ganye. Shi ne yadi na farko da Alhaji ya bar Kang Rasmadi ya buga shi kaɗai daga farko har ƙarshe. Shekarar da ruwa ya shigo min ɗaki har ƙugu, ya ci katifa, ya ci hotunan marigayi maigidana, ya ci komai, zanin nan kaɗai ya tsira, don yana cikin gwangwani a saman rufi. Na ajiye shi ne Wasriah ta ɗaura ranar aurenta, kuma an riga an sa rana, bayan babbar Salla.

"Nah, kawo zanin nan naki. Shi ne zai zauna a tsakiya, daidai ƙirjinsa."

Na ce, "To, zan yanko miki daga gefe, inda za a soke a ƙugu."

"Gefe? Gefen da ya koɗe? Tsakiya nake so, inda tsuntsaye biyu suka haɗa baki. Tafin hannu biyu."

"Yu, kin san abin da kike faɗa? Amarya ta fito da zani mai taga?"

"A yi mata haya mana. Duk amaren yanzu ba haya suke yi ba?"

"Na mahaifiyarmu ne fa!"

"Uwarki ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Shi wannan yana numfashi."

Na ƙi. Bayan kwana biyu ta sake tambaya, na ce ina tunani. A karo na uku, ta zo har bakin gada, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya masu cin shinkafa suna kallo. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi damuna. Ta ce, "Nah, ban taɓa roƙonki komai ba. Gurbin yana nan a buɗe, shi kaɗai nake jira. Jiya ko kunun bai iya haɗiya ba."

Na ce mata gobe zan kawo. Na faɗa ne don ta tafi.

Ku fahimce ni, ni ba muguwa ba ce. Ni nake kwashe kashinsa da fitsarinsa. Amma na ce a raina, tsumma tsumma ne, Allah ne mai warkarwa, don me za a kashe wa yarinya zanin kakarta? Sai dabara ta zo min. Hatimin tsuntsayen nan ba Kang Rasmadi kaɗai ya riƙe shi ba, masu bugu biyar ne a marinar Alhaji, kuma shekaru aka yi ana buga shi. Na tafi layin 'yan gwanjo a kasuwa na wuni ina tonon tsofaffin zannuwa, har Allah ya haɗa ni da irinsa sak: rinin hannu ne, ya kama ciki da baya, ya tsufa daidai da nawa. Na ba da cinikin kwana biyu na karɓo. Na yanko inda tsuntsaye biyu suka haɗa baki, na ajiye shi ya kwana cikin gwangwanina don ya ɗauki ƙamshi.

Da na kai mata, ta gyara tabaraunta mai ƙafa ɗaya da aka ɗaure da zare. Ta juya ƙyallen, ta shinshina, ta ɗaga shi ga haske. Sai ta kama hannuna ta riƙe, abin da rabonta da yi tun ranar da muka binne mahaifiyarmu. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Na ce amin, na fita da sauri wai na bar wuta a kunne.

Kwana goma sha biyu ta ƙara tana bin sa da allura, yatsunta duk sun huhhuje. Ranar wata Alhamis bayan la'asar ta yanke zare na ƙarshe. Kafin ka ce me ɗakin ya cika, Mak Daumi da matan layi da Liman Dasuki, kowa yana son ya ga inda nasa ya faɗa. Gaskiya ɗaya ce, ni da nake zagin aikin nan shekara da shekaru, ranar bakina ya mutu. Unguwarmu ce kaf a shimfiɗe a kan gado ɗaya. Liman ya yi addu'a, muka shafa, ni da Yu muka kama gefe-gefe muka lulluɓa masa.

Muka tada shi da matashi. Ya fara bin bargon da ido, a hankali, layi-layi. Ya ɗago hannun hagu mai lafiya yana shafa ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya. Wani ya tsaya a kansa ya daɗe, wani ya yi ɗan sauti kamar dariya. Matan suna ta cewa, "Ya gane! Wallahi ya gane!" Har ya zo kan ƙirjinsa. Ya sa yatsa a tsakanin tsuntsayen nan biyu, ya goga, ya sake gogawa. Ya matso da wurin kusa da idonsa. Sai bakinsa ya fara motsi.

Mutumin da ya yi mako bakwai bai ce uffan ba. Yu ta kai kunnenta, amma ba ta buƙaci haka ba, kowa ya ji.

"Ba... nawa... ba."

Yu ta ce, "Kang, na Nah ne fa. Na aurenta. Bugunka na farko."

Ya girgiza kai. Ya danna yatsa a mahaɗar. Da na sunkuya na duba, sai ga shi, baki ya hau kan baki da kaurin silin gashi. Na wuni a kasuwa ina duba launi da tsufa, ban duba abin da duk yaron unguwarmu ya san ana dubawa ba. Ita kuma Yu idonta ya riga ya tafi, ba ta gaya wa kowa ba.

Mak Daumi, da ba a haife ta da birki a baki ba, ta ce, "Kai, Allah mun gode, ya yi magana! Tambal ya yi aiki!" Babu wanda ya taya ta.

Yu ta miƙe ta dube ni. Na jira zagi. Wallahi da ta zage ni, da ta kwaɗa min mari a gaban liman, da na ji sauƙi. Ta ɗauki almakashi daga kan tabarma, ta ɗaga bargon daga ƙirjinsa, ta huda, ta bi gefen ƙyallen nan ta yanke shi, da auduga da yadin baya gaba ɗaya. Ta ajiye min a tafin hannu. Ta mayar masa da bargon, ana hango farar singiletinsa ta ramin.

Ban san yadda na isa gida ba. Na hau kujera na sauko da gwangwani, na shimfiɗa zanin a ƙasa. Wasriah tana cewa, "Mak, me za ki yi? Mak!" Na sa almakashi a tsakiyarsa na yanko tsuntsayen. Na koma a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, na bugi goshi a ƙofar nan tasu har na ga taurari. Mutane sun watse. Tana zaune a gefen gado tana ba shi ruwa da cokali.

"Yu, ga shi. Na gaske. Ki nuna masa ya duba."

Ta dubi ƙyallen, ta dube ni. Ta ce, "Sau uku na roƙe ki."

"Na sani. Na yi laifi. Ki ɗinka, aikin awa ɗaya ne. Ko ki ba ni allurar in yi."

"Riƙe abinki, Nah. Amarya za ta ɗaura."

"Wace amarya? Na riga na yanka! Kin ga ramin da na bari?"

"To, kowa da nasa ke nan."

Na roƙe ta. Na turo Mak Daumi, na turo liman, har Wasriah ta je ta durƙusa mata. Ta ce abin da aka bayar da zuciya ɗaya ne yake shiga tambal, wanda aka kawo don an kama mutum ba ya shiga. A wane littafi ta karanta wannan? Babu. A take ta ƙirƙiro shi, kuma duk garin nan babu mai iya fitar mata da shi daga kai. Na ce to ta toshe da wani daga yadukansa na bayan gida, kar a bar mutum da rami a ƙirji. Ta ce gurbin na zani ɗaya ne. Sai ma ta zauna ta daje bakin ramin da shuɗin zare, tsaf, don kar ya zare.

Na ci gaba da zuwa ina ba shi kunu, ba ta hana ni ba. Kullum sai na ɗaga bargon nan na mayar, kullum sai na ga ramin. Shi bai sake magana ba. Wani lokaci yakan sa yatsa ya zagaya bakin ramin yana kallona, ban san ko tuhuma ce ko tausayi ba. Kwana goma sha ɗaya ya yi a ƙarƙashinsa, ranar Litinin da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

An ɗaga bikin Wasriah zuwa bayan arba'in. Ta ɗaura zanin haya, mai ƙyalli, bugun inji. Yu ta zo, ta yi aikin abinci fiye da kowa, ta yi wa amarya faɗa, ta ba ta kyautar zannuwa biyu daga bugunsa na ƙarshe.

Bargon yana rataye a bangon ɗakinta yanzu. Mutanen birni sun ji labari suna ta zuwa, kuma duk cikin aikinta babu wanda suke tsayawa a gabansa kamar shi. Ba ƙyalle ɗari da wani abu da ta bi gida-gida ta tara suke kallo ba, ramin suke kallo. Wani mai dogon gashi ya ce bai taɓa ganin hikima irin wannan ba, wai ta bar wa rashi wurin zama. Hikima! Ina tsaye a bayansa da kwano a hannu, na ji kamar in kife masa shi a ka. Sun taya, ta ce ba na sayarwa ba ne. In suka tambaye ta ma'anar ramin, sai ta nuno ni da baki ta ce, "Ku tambayi mai shinkafa."

Muna magana, muna faɗa kamar da. Ta ce gishirina ya yi yawa, in ce idonta ne ya mutu ba harshenta ba, ta je a duba mata ta ƙi. Haushinta nake ji, wallahi haushinta nake ji, mace ta kai shekara sittin da taurin kai kamar turmi. Amma in na kwanta na tuna yadda ta riƙe hannuna ta sa min albarka a kan ƙyallen gwanjo, sai in rasa wanda zan ji haushi a cikinmu.

Duk ranar Alhamis ina kai mata shinkafa a kwanon samira, in ninke ƙyallen tsuntsayen nan na gaske in ɗora a kan murfi. Takan cinye shinkafar tas. Da yamma ta aiko min da kwanon a wanke, ƙyallen yana kai, an sake ninke shi ya fi yadda na kai shi kyau.